Neman Littafi Mai Hoto, Daga Bagudo Har Illo

Ɗiyata tana gab da cika shekara huɗu aka tura mu bita Birnin Kebbi, mu malaman ƙananan azuzuwa. A lokacin ina koyar da ajin share fage a wata firamare cikin garin Bagudo. Matar da ta jagoranci bitar ta iya magana ƙwarai. Ta ce ba sai yaro ya san baƙi ake buɗe masa littafi ba. A ɗora shi a cinya, a nuna masa hoto, a bar shi ya yi ta tambaya, daga nan son karatu ke shigarsa. Sai ta shiga haska mana bangon littattafai a jikin allo, ɗaya bayan ɗaya, ta ce waɗannan su ne aka fi yabawa ga yara ƙanana. Launinsu har ɗaukar ido yake yi. Ina zaune ina kallo, amma hankalina yana gida wurin yarinyata, wadda ban taɓa buɗe mata komai ba sai tsohon littafin lissafi da take yagewa.

Na ɗaga hannu na ce, "Hajiya, ina ake samun su?"

Ta ce, "Duk suna intanet, Malama. Ki yi oda a kawo miki har gida."

Na ce, "Har Bagudo?"

Ta yi murmushi, ta wuce hoto na gaba.

Da na dawo gida na gwada. Na yi ta fama da waya a bakin ƙofa, inda sabis ya fi kamawa, har na samu lambar wani shago na kira. Yarinyar da ta ɗauka ta tambaye ni a wace jiha Bagudo take. Na gaya mata. Ta ce za ta bincika ta kira ni. Ba ta kira ba.

Sai na tuna da yayata da ke aure a Abuja. Ita kam ba ta ɓata lokaci ba, ta ce yaranta sun girme wa irin waɗannan littattafan, za ta haɗo mini a kwali ta ba direba. Direban ya ba wani direban, wancan kuma ya sauke kwalin a tashar Jega ya manta da shi. Maigidana, wanda ke fataucin shinkafa, shi ya bi sawu har ya gano shi a ƙarƙashin wani benci, an jingina masa buhun busasshen kifi. Da muka buɗe, littattafan lafiya lau, sai dai ƙarnin kifi da ya kama su, wanda bai sake su ba har yau.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron tsakar gida, na ɗora yarinyar a cinya kamar yadda aka koya mana. Surukata, wadda muke kira Inna, tana gefe tana tsintar shinkafa a faifai. Na buɗe na farko.

Yarinyar ta dangwala yatsa ta ce, "Mama, wanga mi na?"

Wata dabba ce mai gashi, ƙatuwa, sanye da jar riga, tana shan shayi a kan tebur. Na san sunanta da Turanci. Na laluba bakina ban samu na Hausa ba.

Na ce, "Wata dabba ce ta daji."

"Kura?"

"A'a, ba kura ba."

"To mi sunanta?"

Na ce kamar ƙaton kare take. Inna ta miƙo wuya ta duba, ta ce, "Kare da riga, shina shan shayi? Ikon Allah." Ta koma ga shinkafarta.

A littafi na biyu ƙasa duk ta yi fari, yara suna wasa a ciki da huluna. Na ce ƙanƙara ce. Ita kuwa ƙanƙarar da ta sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo, wadda ake lallaɓawa kar ta narke. Ta ɓata fuska ta ce wa ya zubar da ita haka, ba a doke shi ba? Na fara bayanin cewa a wasu ƙasashe daga sama take saukowa, sai na ga ta daina saurare. A na uku akwai jirgin ƙasa. Na ce jirgi ne. Ta duba sama da ƙasan shafin, ta ce, "Ina ruwan?" Gaskiyarta, jirgin da ta sani shi ne wanda babanta ke shiga idan zai ƙetare zuwa gonarsa ta Kaoje.

Wanda ya ɓata zaman shi ne na huɗu. Wani yaro ne kwance a gado, karensa a kan bargo yana lasar masa fuska. Inna ta ajiye faifai, ta miƙo hannu, ban yi gardama ba na ba ta. Ta duba da kyau, ta rufe, ta ce, "Wanga kam ba a gidan ga ba." Ta kai shi ɗakinta ta cusa bayan kwanoni.

Ban daina ba. Kullum bayan la'asar sai mun zauna da sauran. Amma rubutun duk Turanci ne, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya da shi ba, don haka ina karantawa a zuci ina juya mata da Hausa. Abin da na faɗa yau ba lalle shi zan faɗa gobe ba. Yara kuma ba su mantuwa. Sai ta kama hannuna ta ce, "Mama, jiya ba haka kic ce ba." In ce to yaya na ce? Ta maimaita mini, in gyara, mu ci gaba, can gaba in sake kuskurewa. Wata rana ta zame daga cinyata, ta kwashe littattafan ta jingina su da juna, ta yi wa 'yar tsanarta ɗaki da su. Bangonsu mai kauri ne, sun tsaya da kyau.

Yayata ta kira ta ce, "Yaya littattafan? Ai su ake yayi, nawa har haddace su suka yi." Yaranta da Turanci suka buɗe baki. Na ce mun gode, Allah ya saka da alheri. Mutum ba ya kushe kyauta, kuma ba laifinta ba ne. Ni ma ba wai ina ƙin yarinyar ta ga ƙanƙara da jirgin ƙasa ba ne, ta gani mana, duniya da faɗi. Abin da nake so shi ne a cikin tulin nan a samu ko guda ɗaya da za ta buɗe ta gane abin da ke ciki ba sai na yi mata dogon bayani ba.

Da wata hidima ta sake kai ni Birnin Kebbi, na ware yini na shiga shagunan littattafai. Duk kusan abu ɗaya ne a ciki: littattafan makaranta, tambayoyin jarrabawar baya, littattafan addini, sai na soyayya a rataye da igiya. A wani shago na ce wa mai shi ina neman littafin yara mai hoto.

Ya ce, "Aji nawa take?"

Na ce, "Ba ta shiga aji ba tukuna."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To mi za ta yi da littahi, Malama?"

Ya ɗauko mini babbar takardar nan ta manna wa bango, mai haruffa da hoton tuffa a farko. Na ce muna da irinta a makaranta har ta koɗe. Na ce labari nake so, da Hausa, mai hotuna. Sai ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, ya kaɗe ƙura, ya zaro wani ɗan siririn littafi. Da Hausa ne kuwa. Har na ji daɗi. Na saya ban ko buɗe ba.

A mota na buɗe. Hotunan baƙi da fari ne, tawada ta yi yawa har ta dame, sai ka ƙura ido kafin ka raba mutum da itace. Rubutu kuwa cike da shafi, ƙanana kamar na jarida. Duk da haka da na isa gida na zaunar da yarinyar na fara. A shafin farko an ce ga kyanwa. Ta ce mene ne kyanwa? Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wagga ai mussa ta." Na ce haka mutanen Kano ke ce mata. Ta ce to me ya sa ba su san sunanta ba? Muka wuce. Labarin na wani yaro ne da ba ya jin maganar iyayensa, aka yi ta yi masa faɗa shafi bayan shafi, a ƙarshe ya faɗa rijiya. Hoton ƙarshen ƙafafunsa ne kawai a sama. Yarinyar ta fashe da kuka, kwana da kwanaki ba ta yarda ta bi ta kusa da rijiyar gidanmu ba. Inna ta ce ita dai ba ta ga amfanin karatun da ke sa yaro firgita ba, tatsuniya ma ai ana sanin wadda za a yi wa ƙarami. 

Bayan an yi girbi, maigidana zai kai shinkafa kasuwar Illo, na ce zan bi shi in sayo atamfa, don ta can ta fi sauƙi. Ranar kasuwa Illo cika take yi da mutanen ƙetare, ka ji Hausa, ka ji Dandanci, ka ji Fillanci, wani lokaci duk a bakin mutum ɗaya. Ina ratsawa ta layin masu kayan makaranta sai na ga wani dattijo ɗan ƙasar Benin ya baza jakunkuna da alluna da alli a kan leda. A gefe guda, ƙarƙashin dutsen da ya danne su da shi saboda iska, ga wasu 'yan littattafai masu launi.

Na ɗauki ɗaya na buɗe, sai na manta da atamfa. Ga mace da goyo tana daka. Ga zabi suna tsere a bayan rumbu. Ga mai babur ya ɗauro jarkoki har sun fi shi tsawo. Ga kogi, ga jirgi, ga mutum tsaye da gora yana tuƙi, hularsa irin ta mutanenmu. Wanda ya zana ya san wurin da yake zanawa, har tsagewar da ke jikin turmi bai bari ba. Na tsaya cikin rana ina ta juya shafi. Sai da na dawo kan rubutun na ga da Faransanci ne.

Na ce, "Baba, babu na Hausa?"

Ya ce, "Babu, ɗiyata. Daga can ciki ake kawo su."

"To karanta mini in ji abin da aka ce."

Ya karɓa, ya nisanta shi da idonsa, ya motsa leɓe. Ya ce, "Nan an ce yaro ya tahi kasuwa." Ya juya shafi, ya daɗe. "Nan ma shina tahiya." Ya sake juyawa. A hoton, yaron yana kan bishiya, wata tsohuwa tana yi masa faɗa daga ƙasa. Dattijon ya ce, "To, nan ya kusa isa." Sai ya yi dariya ya ce shi bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, lissafi kawai ya riƙe. Na sayi biyu.

Abin da na daɗe ina jira ya faru a ranar. Da muka dawo gida, tun kafin in zauna yarinyar ta fizge ɗaya, ta buɗe, ta ƙwala ihu: "Mama, ga Baba cikin jirgi!" Ta ruga ta nuna wa Inna turmi, ta nuna mata zabi. Inna da kanta ta karɓa ta duba har ƙarshe, ta ce matar nan ta iya ɗaurin goyo. Yarinyar ta dawo ta haye cinyata ba tare da na kira ta ba, ta ɗora yatsa a kan rubutun ta ce, "Mi aka ce nan?"

Ni malama ce, aikina ke nan in nuna wa yaro baƙi in gaya masa abin da ya ce. Ga ni da littafi a hannu, ɗiyata na tambaya, ban san ko kalma ɗaya ba. Na ƙaga mata labari daga hotunan, ta ji daɗi, amma ni raina bai kwanta ba, don na san yatsana yana bin layin da bakina ba shi yake faɗa ba. Wata abokiyar aikina ta nuna mini yadda ake ɗaukar hoton rubutu da waya ta juya shi zuwa Hausa. Na gwada. Abin da ya fito ba Hausar kowa ba ce. A wani wuri wayar ta ce tsohuwar ta dafa yaron, alhali a hoton mangwaro take miƙa masa. Na kashe ta na ajiye.

Na ce ko ba komai zan ƙaro irinsu, hotunan ma sun isa. Da na samu komawa Illo, na tarar da dattijon a wurinsa, amma ledar cike take da tocila da cajar waya. Na tambaye shi littattafai. Ya ce, "Littahi ba ya tahiya, ɗiyata. Tun da nike kawo su, ke ɗai kis saya. Sauran na mai da su." Na roƙe shi ya sake kawowa, ya ce to, in Allah ya so. Daga yadda ya faɗa na san ba zai kawo ba.

A hanyar dawowa ina ta mita a mota, maigidana ya gaji ya ce, "Malama, ke da ke koya wa ɗiyan mutane, ki rubuta naki mana." Da wasa ya faɗa, ni kuwa na riƙe.

Labarin ma a gidanmu yake. Shekarar da ruwa ya ci gonakin Kaoje, maigidana ya je kwaso abin da ya saura na shinkafa a jirgi, sai wata akuya da ruwa ya tsare a kan tudu ta daka tsalle ta faɗo cikin jirgin, ta ƙi fita, ta hau cin shinkafar da ake ƙoƙarin ceto. Yarinyar tana son labarin nan, kullum sai ta sa babanta ya maimaita. Na zauna na rubuta shi gajere, layi ɗaya ko biyu a kowane shafi, da irin Hausar da muke yi a gida. Saura zane, ni kuwa ko kaza na zana a allo sai yara sun tambaye ni mece ce.

Akwai wani mai zane kusa da tasha, shi ke rubuta allunan shaguna, yana kuma yi wa manyan motoci ado. Na kai masa takarduna da farar takarda mai kauri, na yi masa bayani. Ya ce, "Hajiya, ni da ke zana zaki a bayan tirela, akuya za ta gagare ni? Ki dawo jibi."

Na dawo jibi bai fara ba. Na dawo wani mako ya miƙo mini shafin farko yana murmushi. Akuyar tana da ƙirji kamar na ɗan dambe, idanu jajaye, haƙora a waje. Matar da ke tsaye a bakin kogi kuwa fara sol, da jan baki da dogon gashin ido, irin wadda ake zanawa a allon shagon gyaran gashi.

Na ce, "Malam, wannan ai sai ta hana yaro barci. Akuya nike so, akuya ta gida."

Ya ce, "Ai an ƙawata ta ne, don ta yi kyau."

Na nuna masa ƙofar shagonsa, inda wata akuya ke kwance tana tuƙa. Na ce, "Ga ta can. Ita za ka zana. Matar kuma ka yi ta kamar yayarka in ta fito wanki."

Ransa bai so ba, amma ya sake. Abin haushin shi ne, da ya sauke girman kai ya kalli akuyar, sai ga shi ya iya. Ya fitar da ita sak, har da tabon kunne da yadda take karkata kai. Ya zana tudun da ruwa ya kewaye, ya zana tsallen, ya zana maigidana ya ɗaga gora yana ihu. Duk shafin da ya gama sai in tsaya ina kallo ina jin kamar in rungume takardar. Na fara tunanin yadda zan kai shi a buga da yawa, kowane yaro a ajina ya samu.

Sai lokacin siyasa ya kama. Aka yi masa caa da aikin alluna da rubutun bango, har ya ɗauki masu taya shi. In na je sai in tarar da shi a kan tsani, ya leƙo ya ce, "Hajiya, wallahi kina cikin raina, gobe." Gobe in zo, shago a rufe, an tafi da shi Lafagu rubuta bango. Na je da safe kafin makaranta, na je bayan an tashi, na aika maigidana, na yi lallashi, na yi faɗa har mutanen tasha suka san ni, in na doso sai in ji ana cewa ga mai akuya nan. Aka gama zaɓe na ce to yanzu kam. Sai na tarar da wani mai sayar da man inji a shagon. Ya ce mai zanen ya samu aiki a Yawuri ya tashi, amma ya bar mini saƙo. Ya miƙo mini takarduna a cikin leda, da ɗigon koren fenti a gefensu. Rabin labarin ne. Sauran shafukan farare, sai rubutuna a ƙasa.

Na kawo su gida na ajiye, na daɗe ban ko son ganinsu. Kafin nan yarinyar ta shiga aji ɗaya, ta fara haɗa baƙi. Wata Asabar na ɗauko su, na cire fararen, na jera masu zanen, na ɗinke gefensu da zare da allura, na yi musu bango da kwali. Na kira ta. Yanzu ta yi girman cinya, sai ta zauna a gefena.

Ita ta karanta kalmar farko da kanta, a hankali, tana bin ta da yatsa. "A-ku-ya." Ta dube ni, ta dubi hoton, ta yi dariya har da faɗuwa. Muka bi shafukan tare, inda ta kakare in taya ta. Ba ta tambaye ni sunan komai ba, ba ta ce jiya ba haka na ce ba. Muka iso shafin ƙarshe da aka zana: jirgi a tsakiyar kogi ya karkata, akuya ta tusa kai cikin dami, babanta ya riƙe gora da hannu ɗaya, ɗayan yana jan ƙafarta.

Ta juya, sai kwali.

Ta ce, "Sai mi?"

Na ce, "Ai kin sani. Suka isa gaci, mai akuyar ya zo ya karɓi abarsa, ya ba Baba haƙuri."

"Ina hoton?"

"Ba a zana ba."

"Don mi?"

Na ce mai zanen ya yi tafiya. Ta sake juya kwalin ta duba bayansa, ko akwai wani abu a can. Sannan ta ajiye littafin a kan tabarma, ta ce in an zana sauran in kira ta, ta fita wurin ƙawayenta da ke wasan gaɗa a ƙofar gida.

Na ɗauko waya na sake kiran lambar mai zanen. Aka ce a kashe take.